Maganin Baba a Gwangwanin Fensir

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. A gida Auta ake ce mata, domin ita ce ƙarama. Yayanta yana makarantar kwana. Saboda haka su uku ne a gidan: ita da Mama da Baba.

Baba mai gyaran keke ne. Shagonsa yana bakin layinsu, a kan hanyar makaranta. Ɗan ƙaramin shago ne, amma cike yake da kaya. Ga spana a rataye, ga famfo, ga gwangwanin giris. Ga kuma wani tsohon baho na ruwa, inda yake tsoma robar taya don ya gano wurin da ta huje.

Baba akwai tsokana. In yara sun kawo gyara, sai ya ce wa wannan kekensa ya girmi kakarsa. Ya ce wa wancan birkinsa sai an roƙe shi yake kamawa. Yara su yi ta dariya.

Sai ga shi a hankali Baba ya canza. Ya daina tsokana. Abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Wata rana bai buɗe shago ba, washegari ma haka. Yakan zauna a bakin gado ya zuba wa bango ido. Babu zazzaɓi, babu tari, babu ciwon da ido zai gani. In an tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya ce shi ma bai sani ba.

To, bakin mutane ba ya hutawa. Wata maƙwabciya ta ce lalaci ne kawai. Wani ya ce asiri aka yi masa. Goggo, yayar Baba, ta zo ta ce namiji ba ya zama yana tagumi, ya tashi ya nemi na kansa. Mama ta saurari kowa. Ranar Litinin ta sa Baba a gaba suka tafi asibiti.

Likitar da ta duba shi mace ce mai haƙuri. Ta ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ta ce ya riƙa zuwa suna tattaunawa duk wata. Ta kuma ja kunnensu cewa kada ya daina sha sai da saninta.

Mama aikin shara take yi a wani ofis. Tana fita tun kafin Baba ya tashi. Don haka ta rataye kalanda a bayan ƙofa, ta ɗaure jan biro da zare a jikinta. Sannan ta kira Auta.

"Kullum da safe ki kai wa Babanki ƙwayarsa da ruwa," in ji Mama. "In ya haɗiye, ki sa alama a kan ranar. Kada ki sa sai kin gani da idonki. Wannan kalandar za mu riƙa nuna wa Likita."

"To, Mama," in ji Auta.

Auta ta riƙe aikin nan da hannu biyu. Mako ɗaya ya wuce, ba a ga canji ba. Mako uku, Baba ya cinye abincinsa tas. Mako shida, ya ɗauki makulli ya buɗe shago. Ranar nan har ya ce wa wani yaro sarƙar kekensa ta fi shi surutu. Auta ta ji daɗi har cikin ranta.

Da ma abin ya tsaya a nan!

Auta tana da wata ƙawa a ajinsu. Rediyo ake kiranta, domin duk abin da ta ji da safe, kafin a tashi kowa ya ji. Ba muguwa ba ce. Bakin ne dai ba shi da murfi.

Wata ranar Laraba Rediyo ta biyo Auta gida don ta ari littafi. Sai ta hangi ambulan ɗin maganin a kan tebur. Ta ɗauka ta karanta hatimin da ke jiki: Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Nan da nan ta ajiye shi, ta goge hannunta a jikin riga.

"Wa ke shan wannan?" ta tambaya.

"Baba," in ji Auta.

"Ai maganin mahaukata ne. Duk wanda ke sha, mahaukaci ne."

Auta ta ce ba gaskiya ba ne. Rediyo ta ce haka ta ji manya suna faɗa. Ta fita da sauri, ko littafin ba ta ɗauka ba.

Washegari labari ya riga Auta isa makaranta. 'Yan bencinsu suka matsa can ƙarshe, wai ana ɗauka. Wata ta ce gado ne, ita ma Auta tana hanya. Lokacin hutu ba wanda ya zauna kusa da ita. Da aka tashi, wani yaro ya kira ta 'yar mahaukaci, sauran suka tuntsire da dariya. Yaran da suka saba tsayawa a shagon Baba suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi.

Auta ba ta gaya wa Malama ba. Ba ta gaya wa Mama ba. Ta shiga ɗaki ta yi kuka ita kaɗai. Sannan ta zauna ta yi lissafi irin na yara. Mai shan maganin shi ne mahaukaci, ko ba haka aka ce ba? To, in Baba ya daina sha, shi ke nan, ba mahaukaci ba ne. Kuma ai ya warke, tunda ga shi yana aiki.

Allah sarki. A ganinta ta samo dabara.

Da safe ta ɗauko ƙwayar da kofin ruwa. Baba ya miƙo hannu. Ita kuwa ta damƙe ƙwayar, ta ƙi saki.

"Auta, lafiya?" in ji Baba.

"Baba, don Allah kada ka sha."

"Saboda me?"

Hawaye ya zubo mata. Ta gaya masa komai: maganar Rediyo, da bencin da aka bar mata ita kaɗai, da sunan da aka kira ta da shi.

Baba ya dube ta. Da ma ya lura yara sun daina zuwa shago, bai dai san dalili ba. Shi ma kansa kunyar maganin yake ji, a ɓoye yake zuwa asibiti. Ya janye hannunsa a hankali.

"Saboda ni ake yi miki haka?" ya tambaya.

Auta ta gyaɗa kai.

"To, shi ke nan. Na bari."

Auta ta jefa ƙwayar a cikin gwangwanin fensirinta. Ta je bayan ƙofa ta ɗauki jan biro. Ta sa alamar. Ta san ƙarya ce.

Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Kullum ƙwaya ɗaya a gwangwani, alama ɗaya a kalanda. In Mama ta dawo daga aiki sai ta duba bayan ƙofa, ta duba ambulan ta ga ƙwayoyin suna raguwa. Ta sa wa Auta albarka. Albarkar nan kuwa nauyi take yi wa Auta.

Kwanakin farko Baba ya ce yana jin jiri. Bayan haka ya fara makara wajen buɗe shago. Wata rana Auta ta dawo daga makaranta ta tarar da shi zaune a gaban bahon ruwa. Robar taya tana hannunsa, iska tana ta fita, shi kuwa ba ya ko kallonta. Mai keken ya gaji da jira, ya karɓi abinsa ya tafi.

Kafin mako biyu shago ya koma rufe. Baba ya koma bakin gado. Wannan karon ma ya fi na farko. Ba ya aski, ba ya son a buɗe taga. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar cokali in Mama da Auta suna cin abinci.

A makaranta kuwa, ka ce an daina tsokana? Ina! Ba abin da ya canza. Su yara ba su san ko yana sha ko ba ya sha ba. Da suka ga shago a rufe ma, sai suka ce abin ya tashi.

A nan ne Auta ta gane dabararta ba ta yi ba. Da safe ta kai wa Baba ƙwayar, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka sha. Na fasa."

Bai ko ɗago kai ba. "Bar shi, Auta," in ji shi. "Ba na so in ƙara ba ki kunya."

Ta roƙa, ta roƙa, ya juya fuskarsa bango. Ta fito ta tsaya a gaban kalanda. In ta bar ranar babu alama, Mama za ta yi tambaya. In Mama ta yi tambaya, komai zai fito. Tsoro ya fi ƙarfinta, ta sake sa alamar.

Mama duk ta rame. Wata rana Auta ta same ta tsaye a bayan ƙofa tana bin alamomin da yatsa. Mama ta ce ita abin ya ɗaure mata kai. Ga shi ba a tsallake ko rana ɗaya ba, amma mutum sai baya yake yi. Goggo ta sake zuwa ta ce da ma ta faɗa, asibiti ba ya maganin irin wannan.

Auta ta kasa cin abinci. A aji ma hankalinta ba ya kan allo. Gwangwanin fensirin kuwa duk inda za ta je yana cikin jakarta, don kada Mama ta buɗe. In tana tafiya sai ta ji ƙwayoyin suna kaɗawa a ciki.

Ranar komawa asibiti ta zo. Mama ta nemi wa Auta izini a makaranta, don ta taimaka mata riƙe kaya. Ta cire kalandar daga bayan ƙofa ta naɗe. Suka shiga mota su uku.

Ɗakin Likita ƙarami ne. Tebur ɗaya, kujeru uku, da labule mai ruwan toka. Likita ta dubi Baba, fuskarta ta canza. Ta yi masa tambayoyi, yana amsawa da kyar. Sannan ta warware kalandar a kan tebur, ta daɗe tana dubawa.

"Kullum yana sha ke nan," in ji Likita.

"Kullum," in ji Mama. "Yarinyar nan ba ta wasa da aikinta."

Likita ta ajiye bironta. Ta ce in har yana sha kullum kuma ya koma haka, to maganin bai karɓe shi ba. Dole a sauya masa wani. Kuma yadda jikinsa ya yi, gara a ba shi gado a asibiti, a sa masa ido na wasu makonni.

Mama ta rufe fuska da mayafi. Auta ta dubi Baba. Ya san gaskiya sarai, amma ya sunkuyar da kai. Ya gwammace a kwantar da shi da ya tona mata asiri.

Likita ta jawo takarda ta fara rubutu. Auta ta kasa jurewa. Ta miƙe tsaye. Ta buɗe jaka, ta ciro gwangwanin, ta juye shi a kan kalandar. Fensir biyu suka faɗo, da abin gogewa, da ƙwayoyi ashirin da ɗaya.

"Bai sha ba," in ji Auta. "Ni na hana shi. Alamomin nan ƙarya ne. Don Allah kada a kwantar da Babana."

Mama ta sauke mayafin. Ta dubi ƙwayoyin, ta dubi Auta. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Auta, ke?" Da ma duka ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

"Laifina ne," in ji Baba a hankali. "Ni ne babba. Ni ya kamata in ƙi."

Likita ta jawo kujera ta zaunar da Auta kusa da ita. Ta ce ta ba ta labarin tun daga farko. Auta ta faɗa tana sheshsheƙa. Likita ba ta katse ta ba har ta gama.

"In yayanki ya karye a ƙafa aka ɗaure masa, za ki kwance ɗaurin don yara suna dariya?" Likita ta tambaya.

"A'a."

"Masu ciwon suga fa, da suke shan magani kullum, abin kunya suka yi?"

"A'a, Likita."

"To, ƙwaƙwalwa ma sashen jiki ce. Tana yin ciwo, kuma ana yi mata magani. Babanki mara lafiya ne da yake neman lafiya. Wannan kuwa aikin mai hankali ne."

Likita ta ƙara yi mata bayani. Ta ce ba a ɗaukar ciwon damuwa ta zama kusa da mutum, ko ta taɓa kayansa. Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin jarumta ba. Yana iya kama malami, ko direba, ko likita ma. Ta ce kalmar nan da yara suke jifan mutane da ita tana hana marasa lafiya da yawa zuwa asibiti. Daga nan ta ce abin da Auta ta yi yana da haɗari ƙwarai. Ba a tsayar da magani kwatsam, kuma yaro ba ya ajiye magani a cikin kayansa.

"Amma gaskiyar da kika faɗa yau ta taimake ni," in ji Likita. "Saura kaɗan in sauya maganin da yake yi masa aiki."

Ta yaga takardar da ta fara rubutawa. Ta ce Baba zai koma gida, ya sake fara maganin yadda za ta tsara. Bayan mako ɗaya ya dawo ta gan shi.

Da suka isa gida, Mama ta zaunar da Auta. Ta ce ƙaryar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta ce da Auta ta gaya mata tun ranar farko, da ba a kai ga haka ba. Sannan ta ce ita ma ta yi kuskure, ta ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfinta. Daga ranar Baba da kansa zai riƙa sa alama, Mama ta duba in ta dawo. Auta ta ba su haƙuri, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Washegari Mama ta je makaranta ta ga Malama. Malama ta yi wa aji bayani a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta hana kiran kowa da sunan banza. Wasu yaran suka ji kunya. Wasu kuwa suka ci gaba da raɗa a bayan ido.

Sauƙi bai zo da wuri ba. Mako uku Baba yana ɗaki. Kullum Auta ta wuce ta gaban shagon, sai ta ga ƙura ta ƙaru a kan kwaɗon ƙofa. Masu kekuna da yawa sun koma wani wuri. Duk lokacin da ta ga haka sai ranta ya ɓaci, domin ta san da hannunta a ciki.

Amma a hankali Baba ya fara dawowa. Ya buɗe taga da kansa. Ya je aski. Bayan wata biyu ya share shago, ya zuba sabon ruwa a baho.

Wata rana da safe wani ya buga ƙofa, tayarsa ta yi faci kuma yana sauri. Baba ya fita a gurguje. Auta ta gama shirin makaranta, sai ta ga ambulan ɗin a kan tebur. Ta duba bayan ƙofa, babu alamar ranar. Baba ya manta.

Ta ɗauki ambulan da gorar ruwa ta fita. Lokacin titi cike yake da 'yan makaranta. Ta yi kamar ta cusa shi a jaka. Sai ta fasa, ta riƙe shi a hannu.

A daidai ƙofar shagon ta haɗu da Rediyo da wasu 'yan ajinsu. Rediyo ta ƙura wa ambulan ido.

"Maganin nan ne?" ta tambaya.

Baba ya ɗago kai daga kan taya. Auta ta ga yana kallonta, yana jiran abin da za ta ce.

"Shi ne," in ji Auta. "Babana yana da ciwon damuwa, kuma yana shan magani. Da na hana shi sha, na kusa rasa shi. Maganin nan ne ya dawo min da Babana."

Ta miƙa wa Baba ambulan. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ɓalle ƙwaya ɗaya. Ya haɗiye ta a gaban kowa, ya kora da ruwa.

Ba wanda ya yi dariya. Rediyo ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ina kwana, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata," in ji Baba. "Ku hanzarta kada ku makara."

Rediyo ta ba Auta haƙuri a hanya, suka shiga aji tare.

Tun daga ranar Auta ta riƙe darasinta. Ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma neman magani ba abin kunya ba ne. Mara lafiya tausayi yake buƙata, ba tsokana ba. In magana ta dame ka, ka kai ta wurin babba, kada ka rufe ta da ƙarya. Kuma har yau, in aka tambayi Auta ko 'yar wane ce, da ƙarfi take cewa ita 'yar mai gyaran keke ce.